Haɗa Kwamfutar Gem Da Tace Bidiyo Da Ƙaramin Kuɗi A Saudiyya: Tambayoyi Da Amsoshi

Da wuya Juma'a ta wuce a nan Jidda ba a samu wani matashi ya tare ni bayan an sauko masallaci ba, waya a hannu, yana nuna mini hoton wata kwamfuta mai fitilu ja da shuɗi yana tambayar ko ya saya. Wasu kuma saƙo suke turowa: ɗalibai daga Madina, ma'aikata daga Riyad, 'ya'yanmu haifaffun Makka na wajen Shara Mansur. Buƙatar kusan iri ɗaya ce. Ana son na'ura guda da za ta yi aiki biyu: da rana a tace bidiyon biki, walima ko karatun malam a samu na cefane, da daddare kuma a buga EA Sports FC ko PUBG da abokai. Kuɗin kuwa a ƙirge suke, an tara su ne wata bayan wata.

Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini. Ban rubuta farashin shaguna ba, domin na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba.

Tambaya: Yaya, riyal 3,000 na tara. Ta yaya zan raba su?

Amsa: Da farko, riyal 3,000 ɗin har da monita, kibod da linzami, ko na akwatin kawai? Mutane da yawa sai sun gama haɗa akwati suke tuna ba su da abin da za su kalla. Cire kuɗin waɗannan tukuna, sannan mu yi lissafi da abin da ya rage.

Rabon da nake yi shi ne: kamar kashi 35 zuwa 40 cikin 100 ya tafi kan katin girafik (mai zana hoton da ke fitowa a monita), kamar kashi 30 kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da madabod (allon da ake dasa sauran sassa a kai) a haɗe, ragowar a raba wa RAM (wurin riƙe aikin da ake kan yi), SSD (wurin ajiyar fayiloli), fawa (mai raba wa sassan wuta) da akwati. Wanda tace bidiyo ne sana'arsa, gem kuwa na nishaɗi ne kawai, sai ya ɗan rage daga kati ya ƙara a RAM. Fitilu, gilashi da fankoki masu launi ba su da kaso ko na halala (kwabon Saudiyya) ɗaya a wannan rabon. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga wata dabara ta gane ko ana tsawwala maka. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala, ga harajin kaya na kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun watan Yulin 2020. Katin da kamfani ya fitar a kan dala 299, in ka juya ya zama riyal 1,121, da haraji kusan 1,290. Ribar mai shago da kuɗin jigila za su hau kai, wannan ba laifi ba ne. Amma in ka ji an ambaci kuɗin da ya yi wa wannan lissafi nisa ƙwarai, leƙa shago na gaba.

Tambaya: Intel ko AMD? Kowa na ce mini nasa ya fi.

Amsa: A wannan matakin kuɗi duka biyun suna aiki, kuma gardamar ta fi bambancin girma. Abin da ya kamata ka duba shi ne hanyar da kake shiga, domin furosesa ce ke zaɓa maka madabod da irin RAM.

Hanya mafi araha ita ce Ryzen 5 5600 ta AMD, wadda ta fito a 2022. Kor shida gare ta, wato kamar ma'aikata shida a ɗaki guda, kowanne yana iya riƙe aiki biyu a lokaci ɗaya. Tana hawa soket (mazaunin furosesa a madabod) na AM4 da ke kasuwa tun 2016, tana cin RAM na DDR4, kuma tana zuwa da fankarta a kwali. Takwararta a Intel ita ce Core i5-12400F, ita ma kor shida, ita ma ta 2022, a soket ɗin LGA1700. Madabod ɗin wannan soket iri biyu ne, akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma ba sa musanya. Karanta kwali da kyau kafin ka biya.

Wanda ke da ɗan rara, Ryzen 5 7600 ko 7500F a kan AM5 ta fi tsawon rai, domin AMD ta yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesa a wannan soket har 2027 da bayanta. Sai dai AM5 ba ta cin komai sai DDR5, ga madabod ɗinta ya fi tsada. Ni dai in kuɗin sun matse, gara in tsaya a AM4 in zuba rarar a kati, da in shiga AM5 in ƙare da kati mai rauni.

Harafin ƙarshe na sunan furosesa yana da ma'ana, kuma nan masu tace bidiyo ke yawan yin kuskure. F na nufin babu girafik a cikinta, sai da kati za ka ga hoto. Ryzen 5 5600 ita ma haka take duk da babu F a sunanta. Amma i5-12400 marar F tana da ɗan girafik mai ɗauke da abin da Intel ke kira Quick Sync, wanda ke kwance bidiyon H.264 da H.265 da sauri ba tare da ya wahalar da furosesa ba, har da irin masu nauyin launi da manyan kyamarori ke ɗauka. In manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro ce abincinka, ɗan ƙarin da za ka biya kan marar F ya cancanta. Akwai kuma fa'ida ta biyu: ranar da kati ya lalace, kwamfutarka ba za ta makance ba, za ka iya ƙarasa aikin mutane.

Ryzen 5 5600G ba ƙanwar 5600 ba ce da aka ƙara wa girafik kawai. An rage mata ma'ajiyar cikin gida daga mega 32 zuwa 16, don haka in an sa mata kati ba ta kai 5600 gudu a gem. Ta dace da wanda zai fara ba kati, ya saya daga baya.

Game da manyan furosesan Intel na ƙarni na 13 da na 14, a 2024 kamfanin ya amince akwai matsalar wuta da ke lalata wasunsu, ya fitar da gyara ta BIOS (manhajar saitin da ke jikin madabod), ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Sabuwa da sabon BIOS babu damuwa. Ta hannu kuwa, wadda ba ka san irin wahalar da ta sha ba, ni ba na saya.

Tambaya: To kati fa? Wanne ne zai ɗauki gem da tace bidiyo gaba ɗaya?

Amsa: Nan ne kuɗinka mafi yawa za su tafi, don haka mu tsaya mu yi magana sosai.

Abu biyu ake dubawa a kati: ƙarfinsa, da girman ƙwaƙwalwarsa. Mai gem kawai a monita ta 1080p zai iya zama lafiya da giga 8. Mai tace bidiyo, musamman a DaVinci Resolve da ke jibga wa kati gyaran launi da cire dishi-dishi, ƙwaƙwalwar ce ke fara cika masa. In ta cika ba raguwar gudu kawai za ka gani ba, wani lokacin manhajar tsayawa take yi cak ta ce ba wuri, kai kuma ango na jiran bidiyonsa. Shi ya sa RTX 3060 na Nvidia mai giga 12, duk da tun 2021 ya fito, har yau nake ganin mutuncinsa. RTX 4060 na 2023 ya fi shi gudu a gem, yana cin wuta wat 115 kacal maimakon 170, amma giga 8 gare shi. RTX 5060 na 2025 ya fi duka biyun ƙarfi, shi ma giga 8. In za ka iya miƙa hannu zuwa RTX 5060 Ti ko RX 9060 XT, ka tabbata mai giga 16 ka ɗauka, domin kowannensu yana da na giga 8 mai suna iri ɗaya.

Katunan Nvidia suna da abin fitar da bidiyo a jikinsu da ake kira NVENC, kuma Premiere da Resolve sun daɗe da sabawa da su. In sana'arka ta dogara da manhajar nan biyu, hankalinka zai fi kwanciya da Nvidia. AMD kuwa ta fi ba da gudu a kan kuɗi ɗaya: RX 6600 da RX 7600, duka masu giga 8, katuna ne na kirki ga wanda gem ya fi yawa a rayuwarsa kuma CapCut ne abin tacewarsa.

Akwai na uku da mutanenmu ba su cika sani ba. Intel Arc B580 ya fito a Disambar 2024 a kan dala 249, da giga 12, kuma ya ƙware wajen fitar da bidiyo har da sabon tsarin AV1. Sharaɗinsa shi ne sai an kunna wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, kuma ba ya jituwa da tsofaffin furosesa. A sabon haɗi zaɓi ne mai kyau, amma kada ka cusa shi a tsohuwar kwamfutar ofis.

Waɗanda nake roƙonka ka kauce musu: RX 6500 XT, domin giga 4 ne kuma an cire masa abin fitar da bidiyo gaba ɗaya, wanda ga mai tacewa tamkar mota ce ba giya. GT 710 da GT 730, duk girman lambar gigar da aka rubuta a kwalinsu, ba katunan gem ba ne. RTX 3050 mai giga 6 ya gaza mai giga 8 ƙarfi sosai, haka RTX 3060 mai giga 8 ya gaza mai 12. Mai shago zai ce maka “3060 ne”, kuma bai yi ƙarya ba. Kai ne za ka tambayi giga nawa.

Tambaya: Giga 16 na RAM ya isa?

Amsa: Ga gem da bidiyon 1080p, ya isa. Ga 4K, Adobe mai manhajar Premiere da kanta giga 32 take ba da shawara, kuma abin da na gani da idona ya yi daidai da haka. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawure kasuwa, don haka ba zan zargi wanda ya fara da 16 ba. Ya dai sayi madabod mai rami huɗu don ya bar wa gobe wuri.

Sanda biyu za ka saya, ba ɗaya ba: 8 da 8, ko 16 da 16. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa, ɗaya kuwa hanya ɗaya ce, kuma ana ganin bambancin a gem ƙarara. A madabod mai rami huɗu galibi rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sakawa. A DDR4 nemi 3200 ko 3600, a AM5 kuma DDR5 mai 6000. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa. Na sha buɗe kwamfutar da ta shekara tana aiki, RAM ɗinta na tafiya ƙasa da gudun da aka biya kuɗinsa, don ba wanda ya danna wannan wuri guda.

Tambaya: SSD na giga 512 ya yi, ko in ƙara tsohon hadis mai faifai?

Amsa: Mu yi lissafi. Bidiyon 4K da aka ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa yana cin kusan giga 45 a awa ɗaya. Bikin da aka ɗauka da kyamara biyu na awa huɗu ya haura giga 350 tun ba ka taɓa shi ba. Ga Windows, ga manhajoji, ga gem irin GTA V da ke neman wajen giga 100 shi kaɗai. Ka ga 512 bai kai ko'ina ba. Tera 1 ne mafi ƙaranci, kuma Windows zai nuna maka shi a giga 931, ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne.

Ka ɗauki NVMe, ɗan siririn nan da ake kwantarwa a jikin madabod. SSD na SATA yana tsayawa wajen mega 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 yana kai 3,500, na 4.0 kuma 7,000. Tsakanin 3,500 da 7,000 ba za ka ji wani bambanci a aikinka na yau da kullum ba, kada ka biya ninki saboda lamba. Hadis mai faifai kuwa wurin ajiyar ayyukan da aka gama ne, ba wurin tacewa ba. Bidiyon ɗaurin auren mutane amana ce, ba a sake ɗaukarsa. Ya kasance yana wuri biyu har sai ka miƙa.

Tambaya: Mai shago ya ce akwai akwati da ke zuwa da fawa kyauta. In karɓa?

Amsa: A'a. Don Allah a'a. A duk abin da na rubuta nan, wannan ne wurin da ba na sassautawa.

Wani ƙanina ya yi wata bakwai yana tara kuɗin kati. Ranar haɗawa kuɗin suka gaza da kaɗan, sai aka ba shi wata fawa marar suna da aka rubuta wat 700 a jikinta, mara nauyi kamar gwangwanin da ba komai. Na hana shi, ya ce na ɗan lokaci ne. Cikin bazara yana tsakar fitar da bidiyon walima ya ji ƙara da ƙauri. Fawar ta tafi da katin, ta tafi da madabod. Har yau in na tuna yadda ya zauna shiru a ɗakina riƙe da katin, raina yana ɓaci.

Kowane sashe a akwatin daga fawa yake shan wuta. Ta kirki tana da kariyar da ke kashe ta in wuta ta yi yawa ko wani wuri ya haɗe. Ta banza ba ta da wannan, kuma lambar da ke jikinta ba gaskiya ba ce. Nemi ta kamfanin da aka sani, irin Corsair, Seasonic, MSI, Cooler Master ko be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, da garanti na shekara biyar ko fiye. Tambarin kansa yana auna rashin ɓarnar wuta ne, ba ingancin kayan ciki ba, shi ya sa nake haɗa shi da sunan kamfani da tsawon garanti. Wat 550 ya ishi yawancin katunan da na ambata, 650 kuma ya ba ka sararin canza kati nan gaba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ku da ke zaune a tsofaffin gidaje ku lura: har yanzu akwai gine-ginen da ke da soket na bolt 127 da na 220 a ɗaki guda. Yawancin fawa na zamani suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, amma karanta takardar da ke jikinta. In ka ga tsohuwa mai jan maɓalli a baya na 115 da 230, bar ta a inda ka gan ta.

Tambaya: Madabod mai tsada yana ƙara gudu?

Amsa: Ba ya ƙarawa. Ga Ryzen 5000 ɗauki B550, ga AM5 B650, ga Intel B660 ko B760, a girman mATX da ya fi araha. Duba abu uku: ramin RAM huɗu, ramin NVMe biyu, da ƙarfen sanyaya a kan sassan wutar da ke kewaye da furosesa. In waya ba za ta kai ɗakinka daga na'urar intanet ba, ɗauki mai Wi-Fi a jiki. Tsohon B450 yana ɗaukar Ryzen 5600, amma sai an sabunta masa BIOS, ka sa a yi maka a shagon kafin ka fito.

Tambaya: Kawu, ɗakinmu mukayyif ɗin (AC) ba ya sanyi sosai. Zafin nan ba zai kashe ta ba?

Amsa: Masu gwajin da kake kallo a YouTube yawanci a ɗaki mai sanyi suke aunawa. Mu kuwa muna ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 45 a Makka da Riyad, Jidda ga gumi, ga ƙurar da ke shigowa ko an rufe taga. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. In ɗakin ya ƙaru da digiri 10, furosesa ma haka.

Saboda haka akwati mai raga a gaba za ka saya, ba mai gilashi a rufe ruf ba. Fanka biyu su shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya. Masu shigowa su fi masu fita yawa, don kada akwatin ya riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. Ɗaga ta daga kan kafet, kada ka cusa ta a lungun tebur. Fankar da ke zuwa da furosesa tana aiki, amma in za ka riƙa fitar da bidiyon awa biyu a watan Agusta, ƙara kuɗi kaɗan ka sayi mai hasumiya irin ta Thermalright ko Deepcool. Mai sanyaya da ruwa ba ta da wurin zama a haɗin ƙaramin kuɗi. Duk wata wanke ragar, duk wata uku ko huɗu buɗe ka hure ƙurar, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa a banza.

In ka ga Ryzen 7000 ta kai digiri 90 a tsakar aiki kada hankalinka ya tashi, an ƙera ta ta yi aiki har 95.

Tambaya: Na ga kati a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, rabin kuɗin sabo. In saya?

Amsa: Kayan hannu hanya ce ta halal ta rage kuɗi, ni ma ina saya. Furosesa, RAM da akwati ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu da kwanciyar hankali. Kati sai an gwada. Fawa da SSD kuwa sababbi nake saya.

Kada ka tura kuɗi kan hoto. Je ka ga katin yana aiki, gani ya kori ji. Buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar sunan da girman ƙwaƙwalwar sun yi daidai da abin da aka faɗa, domin akwai jabun katuna da ake sauya wa suna. Kunna manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 20, ka kalli zafi, ka saurari fankoki, ka duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka na fitowa a monita. Juya katin ka ga ko an kwance sukurori, ko akwai tsatsa, abin da ke yawan samun kayan da suka zauna a Jidda da Dammam saboda danshin teku. Tambayi fatura, wato rasit. Katunan RTX 30 da RX 6000 da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe, ta daina wannan tsari a Satumbar 2022. Wannan bai sa su zama matattu ba, amma dalili ne na neman ragi da tsananta gwaji.

Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake sayarwa da araha suna jan hankali, sai dai da yawansu fawarsu ƙarama ce mai filogi na musamman, akwatin kuma kati ba ya shiga. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa yana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Tsofaffin furosesan Xeon da ake haɗawa da madabod marar suna daga Sin ba sa cikin wannan jeri.

Tambaya: A ina zan saya, kuma yaushe?

Amsa: A Jidda shagunan titin Khalid bin Walid, a Riyad kasuwar kwamfuta ta Ulayya. A nan za ka taɓa kaya da hannunka, ka yi ciniki, kuma in ka sayi komai wuri guda sau da yawa a haɗa maka. Kafin ka fita duba farashin Amazon.sa da Noon a wayarka, ka lura waye mai sayarwar da kuma inda kayan zai taso, domin mayar da abin da ya zo daga ƙetare wahala ce. Shagunan Jarir da eXtra sun fi dacewa da monita da laftof. Ragin Farar Juma'a a watan Nuwamba da na Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, sun cancanci jira in ba gaggawa kake ba.

Kowane sashe ka karɓi faturarsa, ka tambaya garantin na wakilin kamfani ne ko na shago, ka ɗauki hoton takardar domin tawadarta na gogewa. Kada ka sayi sassa ɗaiɗai cikin wata shida, garantin na farko yana ƙonewa alhali ba ka ma san ko yana aiki ba. Tara kuɗin, saya cikin mako guda.

Tambaya: Monita fa?

Amsa: Inci 24, 1080p, nau'in IPS, mai 144Hz ko sama. IPS ne ke nuna launi daidai, kada ka gyara fuskar amarya a monita mai ƙarya ta fito ja a wayoyin dangi. Wayar monita a jikin kati ake sakawa, can ƙasa, ba a madabod ba. Sannan shiga saitin Windows ka ɗaga ta daga 60Hz.

Tambaya: Yaya, ni ba na buga gem. Girki nake ɗauka da waya ina tacewa. Sai na sayi duk wannan?

Amsa: A'a ƙanwata, ke naki ya fi sauƙi. Core i5-12400 marar F ko Ryzen 5 5600G, RAM giga 16, NVMe tera 1, fawa ta kirki, ba kati. Wannan zai riƙe CapCut da bidiyon 1080p lafiya lau. Kuɗin katin ki sayi makirfo da fitila, su masu kallo za su fi lura da su. Ranar da aikin ya girma sai ki ƙara kati a akwatin nan dai.

Tambaya: Na haɗa mai ƙarfi amma bidiyo na ta sarƙewa in ina tacewa. An cuce ni ne?

Amsa: Wataƙila ba a cuce ka ba. Waya tana ɗaukar bidiyo a matse ƙwarai, kuma adadin firem ɗinta a daƙiƙa yana hawa yana sauka, abin da ke rikita manhajar tacewa har murya ta saɓa da baki. Wuce da shi ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ka mayar da firem ɗin tsayayye. Ga 4K kuma yi amfani da furoksi: manhajar za ta yi maka ƙaramin kwafi mai sauƙi ka yi aiki da shi, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Premiere da Resolve duka suna yi, kuma Resolve yana da na kyauta da ke fitarwa har 4K. Da wannan dabara kwamfutar riyal 3,000 tana gama aikin da ake zaton sai ta 8,000.

Tunda muna kan firem: wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Nijeriya da Nijar 50Hz. In kana ɗauka a ƙarƙashin fitilun zauren biki a nan, sa kyamara a 30 ko 60. In ka je gida, 25 ko 50. In ba haka ba za ka ga haske na rawa a hoton, kuma cire shi a tacewa aiki ne ja.

Tambaya: Malam, na kusa gama karatu a Madina, Kano zan koma. In haɗa a nan in tafi da ita, ko in sayi laftof?

Amsa: In shekara ɗaya ta rage maka kuma kana yawo tsakanin masauki da gida, laftof ta fi maka sauƙi, ga batirinta zai cece ka a inda wuta ba ta zama. Ka dai sani katin laftof ba ya kai na tebur mai suna iri ɗaya ƙarfi, kuma ba a canza shi.

In ta tebur ce a ranka, sayi sassan a nan ka bar akwatin. Shi ne mafi girma da nauyi kuma mafi araha, za ka samu a Beirut Road. Ajiye kwalayen kati da madabod tun ranar saye don wannan tafiya. Kati, furosesa, RAM da SSD su shiga jakar hannu, fawa ta shiga babbar jaka a tsakiyar tufafi. In dole sai ka ɗauke ta a haɗe, cire katin da fankar hasumiya, domin jifa ɗaya a filin jirgi ya isa nauyinsu ya tsaga madabod. Kwafi aikinka a wuri na biyu kafin ka tashi, faturori kuma su kasance a aljihunka saboda kwastan.

Filogin Saudiyya mai ƙafa uku shi ne na Nijeriya, ba sai ka canza ba. Mai komawa Zinder ko Maraɗi zai nemi wayar wuta mai ƙafa biyu zagayayyu. Garantin shagon Jidda ba zai bi ka Kano ba, don haka gwada komai na mako biyu cur kafin ranar tafiya, ka fitar da bidiyo masu tsawo, ka buga gem har dare. Da ka sauka kuma, kafin ka soka ta a bango, sayi UPS da sitabilaiza a can gida, ka auna ƙarfinsu da abin da kwamfutar da monita ke ci a haɗe. In janareta za ka yi aiki da shi, bari ya tashi ya daidaita tukuna kafin ka kunna ta.